Katangar da Guduma Ya Rusa

Akwai wani mai fasa dutse da ake yi wa laƙabi da Guduma, saboda hannunsa ya fi bakinsa saurin magana.

A saman tsaunin garinsu akwai kufan mutanen da, tun zamanin da ba a san rubutu ba. Katanga ce zagayayya, an jera duwatsunta ba laka ba siminti, kowane dutse na riƙe da ɗan'uwansa. Hukuma ta hana taɓa wurin, ta sa wani tsohon makiyayi gadi.

Wata safiya Guduma ya hau da leburorinsa uku, wai yana son manyan duwatsun gindi ya yi harsashin gida. Tsohon ya tare ƙofar, ya roƙe shi da girman Allah ya bari.

"Baba, matsa. Masu gidan sun mutu, kai ma saura ƙiris."

Tsohon bai motsa ba. Guduma ya ɗaga sandar ƙarfe ya sauke masa a hannu, ƙashi ya ce ƙas. Ya ƙara masa naushi a baki har haƙori ya faɗi. Wallahi rashin imanin nan ya ba ni haushi.

Ya soka ƙarfen a ƙarƙashin dutsen gindi, ya danna da ƙarfin tsiya. Katangar ta zubo masa, ta danne shi har ƙugu. Jarumin namu ya koma kiran uwarsa.

Leburori suka kama hannuwansa za su ja. Tsohon, jini na zuba a gemunsa, ya tsayar da su, ya ce in suka ja, sauran duwatsun za su rufto masa a ka. Ya riƙa nuna musu wanda za a ɗauke, daga sama, ɗaya bayan ɗaya, har aka zaro shi da rai. A asibiti aka yanke ƙafarsa ta hagu.

Bayan wata huɗu ya dogara sanda ya zo neman gafara, yana kuka.

Tsohon ya ce, "Hannuna da haƙorina na yafe maka, ɗana. Katangar kuwa ba tawa ba ce. Masu yafe maka ita ba a haife su ba tukuna."

Darasi: Abin da magabata suka bari amana ce ta jikokinmu, kuma ƙarfi ba ya mayar da abin da ya rusa. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani ya ajiye ƙarfensa.