Zumar Gonar Hakimi

Wai wani hakimi ne ya ɗanɗani farar zumar da wani mai kiwon zuma, Nomau, ke ɗebowa a Dutsen Marke, sai ya ce, "Ka kafa amya a gonata. Irin wannan zumar nake so, in ba haka ba in ƙone amyoyinka duka."

Nomau ya san furen dutse ne ke ba ta daɗi, gonar hakimi kuwa darbejiya ce zalla. Ya dai kafa. Da zumar ta yi, ya kawo ƙwarya cike a gaban fadawa.

Hakimi ya lasa, ya yamutsa fuska. "Kai, wannan ai ɗaci gare ta!"

Nomau ya dafe ƙirji. "Ɗaci? Ranka ya daɗe, ƙudan zuman nawa ne, amyar tawa ce, hannun nan kuwa duk ƙasar nan babu irinsa. Wuri kawai aka sauya. Wato in shiga kasuwa in ce gonar da ka gada wurin kakanninka ce mai ɗaci? Bakina ba zai iya ba."

Hakimi ya dubi fadawa, ya sake lasa. "Af, ashe da zaƙi."

"Na faɗa! To shanye, ranka ya daɗe, albarkar gonarka ce."