Yatsan Majemi a Gaban Alƙali

An ce wai a wani gari an yi wani attajiri, Alhaji Garzali, mai babbar majema. Ya gaji da ƙorafin ma'aikata, sai ya sallami mai kula da su, ya kafa na'ura a bakin ƙofa. Kowa ya zo da safe ya dangwala yatsa, ta buɗe masa. Wanda ta daɗe ba ta ga yatsansa ba kuwa, ita da kanta take aika masa saƙon kora a waya. Jama'a suka yi ta yabo, wai ba ta san ɗan uwa ba, ba ta san maƙiyi ba. Da sun dubi hannun majemi da kyau, da ba su yi saurin yabon ba.

Akwai wani Tsalha, wanda ya tsufa cikin ruwan toka da bagaruwa yana jeme fata, har zanen yatsunsa ya shafe, suka yi sumul kamar bayan cokali. Na'urar ta fara yi masa gardama, sai ya riƙa bin bayan abokin aiki ya shige, ya yi aikinsa har la'asar. Wata safiya saƙo ya shigo: an kore shi saboda rashin zuwa aiki.

Ya nemi wanda zai yi wa bayani, babu. Mai gadi ya ce, "Baba, ni ma dangwalawa nake yi." Abokan aikinsa, da suka san yana zuwa, suka riƙa wucewa kai a sunkuye. Ya kasa faɗa wa iyalinsa. Kullum sai ya fita kamar yadda ya saba, ya zauna shi kaɗai gindin katangar majemar, yana jin ƙarar dukan fata daga ciki, yana tunanin abin da 'ya'yansa za su ci idan buhun gero ya ƙare. Da geron ya kusa ƙarewa, ya kai ƙara.

Alƙali ya tambayi Alhaji wa ya kori wannan bawan Allah.

"Allah gafarta malam, ba ni ba ne. Na'ura ce, kuma ba ta ƙarya."

"To, ita ce shaidarka. A kawo ta."

Aka kawo ta. Alhaji ya dangwala, ta gane shi. Tsalha ya dangwala, ta ƙi. Ya goge yatsan a riga, ya sake. Ta ƙi.

Alƙali ya ce, "Alhaji, kai kana ganinsa?"

"Ina ganinsa."

"Shaidarka ta ce ba ya cikin kotun nan. Ko dai ka rantse ba ya nan, in kori shari'ar tunda babu mai ƙara, ko ka yarda cewa yadda ta kasa ganinsa yau haka ta kasa ganinsa a ƙofarka."

Alƙali ya ɗaga hannun Tsalha ya ce wa Alhaji, "Aikinka ne ya cinye zanen nan. Ya koma bakin aikinsa, kuma kada a sake korar kowa sai wani ya zauna da shi ya ji ta bakinsa. Hukuncin da zai raba mutum da abincinsa, mai ido da kunne ne ya kamata ya yanke shi."

Tsalha ya koma. Ya dubi bakin ramukan jima, bai ga tsofaffin da suka fara aikin tare ba. Su ma saƙon ya same su, suka tafi ba su kai ƙara ba. Har yau ba a san su nawa ba ne, ba a kuma san inda suke ba.