Bushiya da Kwanukan Manya

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe suke.

Wata Bushiya ce da mijinta, suna zaune a bakin wani gari. Gidansu ɗan ƙarami ne, ɗaki ɗaya, rumbu ɗaya, amma tsakar gidan kullum a share take. Abincinsu tuwon dawa miyar kuka, yau shi, gobe shi. In ta kwashe sai su zauna a inuwar rumbu su ci, mijin ya suɗe hannu ya sa mata albarka, ita kuma ta ce masa ya rage santi. Ba su taɓa jin sun rasa wani abu ba.

To dangin mijin nan suna da wata al'ada. Kowace ƙaramar Sallah, in an sauko daga Idi, sai a taru a gidan mutum ɗaya a ci tuwon Sallah, bana gidan wannan, baɗi gidan wancan. Gidan da aka tashi da yunwa kuwa an cire shi daga zagayen ke nan, matar gidan ta shiga bakin dangi har ta tsufa. Mai yanke wannan hukunci ita ce Gwaggo Beguwa, yayar uban mijin, tsohuwa mai ƙaya a baya da ƙaya a baki.

Sai zagaye ya zo kan Bushiya, karo na farko tun da aka kawo ta gidan.

Ranar Sallah da sassafe ta ɗora tukwane. Ta yi talge, ta tuƙa, ta kwashe malmala-malmala ta jera. Ta kaɗa miya, daddawa ta ji, ta zuba man shanu. Maigida ya sa rigarsa ya tafi Idi.

Ƙamshi ya tsallake danga ya shiga hancin Kurege, maƙwabcinsu. Shi kuwa Kurege bai taɓa hura wuta a gidansa ba, amma ba a taɓa ganinsa da rama ba. Sai ya leƙo ya yi barka da Sallah, ya tambayi abin da za a ba baƙi. Da ta gaya masa sai ya kama haɓa.

Ya ce, "Tuwon dawa, maƙwabciya? Abin da kuka ci jiya, shi za ki ajiye gaban Gwaggo Beguwa?"

Ya ba ta labarin wai bara a gidan da aka taru shinkafa aka ci da waina, har da funkaso. Bushiya ta dubi malmalarta, tuwon da ta yi wa kallon alfahari ɗazu, sai ta ga ya yi mata baƙi. Ta tambaye shi yadda za ta yi.

Kurege ya ce ai abin da sauƙi. Ranar Sallah kwano ba ya komawa gida wofi. Ta zuba tuwon ta aika gidajen manyan gari, dole su mayar mata da kwanonta cike da irin abin da suke ci. Kafin baƙi su iso ta tara abincin sarakai. Don zumunci ma shi da kansa zai kai mata.

Sai ta cika kwano, ya ɗauka ya kai gidan Giwa. Matar Giwa ta karɓa ta yi godiya, ta juye, ta cika kwanon da nasu abincin ta rufe da faifai. Sannan ta ce ita ba ta san yadda ake cin wannan tuwo ba, in yana so ya ci. Kurege ya zauna a zaure ya tashi da shi. Dama ya san haka za a yi.

Ya komo da kwano. Bushiya ta kai hannu za ta ɗaga faifai, ya ce a'a, abincin manya ba a buɗe shi sai gaban baƙi, in ya sha iska ya lalace. Sai ta kai ɗaki ta ajiye.

Ta cika na biyu, ya kai gidan Kada a bakin kogi. Nan ma aka juye, aka cika, aka rufe, aka ce masa mutanen gidan ba sa cin abin da bai taɓa motsi ba. Ya zauna a kan yashi ya tashi da tuwon. Kwanon da ya komo da shi nauyi gare shi, har yana ɗiga. Bushiya ta ce a ranta romo ne.

Saura tukunya ɗaya. Nan Bushiya ta ja baya, ta ce wannan kam a bar ta, ko don maigida. Kurege ya ce ita ta sani, amma in Angulu, Sarkin Fawan garin, ya ji an kai gidan Giwa an kai gidan Kada an tsallake nasa, gaba ce ta har abada. Kuma ina ake samun nama in ba can ba? Sai ta kankare tukunyar har ƙanzo ta ba shi.

Kwano na uku tun daga ƙofar gida ya yi sallama. Bushiya ta toshe hanci. Kurege ya ce kayan yajin masu kuɗi ne, sai wanda ya saba. Ya ajiye, ya tafi gida yana tafiya a hankali kamar mai tsohon ciki.

Rana ta take, baƙi suka iso, kowa da sabon ɗinki. Aka shimfiɗa tabarmi, aka gaisa, aka sha ruwa. Ƙanin mijin, wanda ba ya ganin Bushiya bai tsokane ta ba, ya ce tun jiya bai ci komai ba don ya ga iyakar matarsu. Gwaggo ta zauna a tsakiya, ta wanke hannu, ta ce a kawo.

Bushiya ta jera kwanuka uku. Ta ce wannan daga gidan Giwa, ta ɗaga faifai: ɓawon itace ne da busasshen kara. Ta ce wannan daga gidan Kada, ta ɗaga: taɓo ne da kawunan kifi, da wani kwaɗo da ya dubi jama'a ya yi tsalle ya tafi abinsa. Na uku maigida ne ya riƙe mata hannu, ya ce a bar shi a rufe don darajar ranar.

Baƙi suka dubi juna.

Gwaggo ta ce, "Na ga na Giwa, na ga na Kada, na Angulu kuma hancina ya gani. Ina naki?"

Bushiya ta faɗi yadda aka yi tun daga farko. Tana gamawa kunya ta kama ta, ta cusa kai cikin ciki ta dunƙule, ba ka ganin komai sai ƙaya.

Gwaggo ta ƙyale ta ta ɗan jima a haka. Sannan ta zungure ta da sanda.

Ta ce, "Warware, 'yar nan. Ni na baro gida da wannan ƙafa tawa don in ci abincin Giwa? Da shi nake so ai na san hanyar daji. Da sauran dawa a rumbu?"

Daga cikin ƙaya aka ce, "Akwai, Gwaggo."

"To ba a tashi ba tukuna. A fito da turmi."

Sai aka tuɓe manyan riguna aka rataye a danga. Mata suka kama surfe da niƙa. Maigida ya tafi ɗebo ruwa. Ƙanin mijin aka ba shi hura wuta da ɓawon gidan Giwa, hayaƙi ya sa shi hawaye, Bushiya ta ce ashe haka yake son ta har yana kuka. Aka yi dariya, wata ta ɗauko waƙar daka, sauran suka amsa. Da aka zo tuƙi wata ta miƙa hannu za ta ɗauki muciya, Gwaggo ta buge hannun, ta ce tuwon matar gida aka zo ci.

Bayan la'asar aka kwashe. Suka zauna a inuwar rumbu, ba mai magana sai hannu da baki.

Ana cikin ci sai ga ɗan kwano an turo ta ƙarƙashin danga, da ƙwayar gyaɗa a ciki. Kurege ne, cikinsa ya ɗan sassauta, wai ga nasa tuwon Sallar. Gwaggo ta ce maƙwabci irin wannan ba a ba shi tuwon dawa, abincin manya ya dace da shi. Ta sa aka juye masa na gidan Angulu, aka rufe da faifai, aka ce ya shiga ɗaki ya ja ƙofa kafin ya buɗe, kada ya sha iska.

Da aka gama Gwaggo ta suɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta dubi dangi ta tambaya ko akwai wanda zai tashi da yunwa. Ba wanda ya iya ko ɗaga kai saboda ƙoshi. Ta ce to gidan nan yana cikin zagaye.

Kowa ya ɗauki rigarsa ya kama hanya, ban da Gwaggo. Ta ce ƙafarta na ciwo, za ta ɗan huta. Gobe ta ci tuwo ta ce ƙafar ba ta saki ba. Jibi ma haka. Ba ta bar gidan ba sai da aka fara jin ƙasan rumbu, kuma kullum ita ke cewa miyar jiya ta fi gishiri daidai.

Ku kuma da kuke leƙen tukunyar maƙwabta kuna tura baki in an ajiye muku ta gida, kun dai ji. Wanda ya raina abin da ke murhunsa, kwaɗo zai tarar a kwano.

Ƙurunƙus, kan Kurege mai zari. A tashi a wanke kwanukan nan.