Rantsuwar Mai Gyaran Piyano

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, gwanin gyaran piyano, irin babbar nan mai ƙafa uku. Da kunne yake aiki. In ya danna maɓalli sau ɗaya, sai ya ce maka 'yar gudumar da ke bugun waya ce ta goce, ko fil ɗin da ke riƙe ta ne ya cije. Ya zaro kayan cikinta ya ɗora a teburi, ya gyara. Shekara ashirin ƙanensa na aiki tare da shi.

Sai kunnensa ya fara nauyi. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Wata rana suna gyaran piyanon wani babban zauren taro, ƙanen ya matso ya ce, "Yaya, wannan maɓallin har yanzu yana ƙas-ƙas. Bari in sake fil ɗin."

Ya ce, "Ni za ka koya wa aiki? Rufe ta."

Ranar taro, zaure cike, maɓallin ya nutse ya ƙi tashi. Mai zauren ya kira su su biyun. Me zai ragu a jikin yayan in ya ce, ban ji ba? Amma ya rantse da Allah lafiya ya bar ta, ƙanensa ne ya taɓa ta a bayansa. Ƙanen ya dube shi.

Magana ta zaga. Ba wanda ya ƙara ba ƙanen aiki. Ya kwashi iyalinsa ya bar garin, ya koma dako. Shi kuwa yayan, duk piyanon da ya taɓa sai ta ƙara lalacewa. Kunne ya toshe gaba ɗaya, shago ya rufe.

Bayan shekara shida ya sami labari ƙanen na kwance. Ya je. Matar ƙanen ta fita ɗebo masa ruwa, suka rage su biyu a ɗaki. Ya durƙusa ya ce, "Ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."

Ƙanen ya daɗe yana magana. Yayan ya kafa kunne a bakinsa, bai ji ko kalma ba. Kafin matar ta dawo, baki ya rufe. Washegari ƙanen ya cika.

Yayan yana nan da rai, ya 'yan uwa, bai san an yafe masa ko ba a yafe ba. Girman kai ne ya ja shi ga rantsuwar ƙarya. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Wanda ka zalunta, me kake jira?

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin wani zuwa kabari.