Rijiyoyin Hanyar Gishiri

A can zamanin da, tun ana auna arzikin gari da yawan raƙuman da ke durƙusawa a ƙofarsa, an yi wani sarki mai son daɗin magana. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, kunne dai gare shi mai kwaɗayi. Duk ranar fadanci, wanda ya fi iya tsara bayanin aikinsa shi ke tashi da sabuwar riga. Nan da nan hakimai da sarakunan sana'a suka gane inda riba take, suka ajiye aiki suka shiga wasa harshe. Ka tambayi mutum ko an gyara ƙofar gari, ya ce maka ana kan shimfiɗa tubalin gyara mai ɗorewa. Ƙofar kuwa tana nan a karkace.

Abin ya daɗe yana damun Waziri Nagoma, amma dattijo ne mai sanin lokacin magana, sai ya zuba ido.

Da rani ya tsananta, Madugu Ɗanjuma ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa. Ayarinsa zai kama hanyar arewa ɗauko gishiri, kuma ran mutanensa da na dabbobinsu ya rataya ne a kan rijiyoyin hanya. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, abu ɗaya na zo ji. Akwai ruwa, ko babu?"

Sarki ya dubi Sarkin Gini Cindo, wanda yasar rijiyoyin ke wuyansa. Cindo ya gyara rawani ya ce, "Zaki, an ɗauki ƙwararan matakai. Mun zauna da masu ruwa da tsaki, mun sake fasalin aikin bisa hangen nesa, kuma an samu gagarumin ci gaba."

Fada ta ɗauki "Madalla!" Sarki ya yi murmushi. Madugu ya tsaya yana zare ido, don bai ji inda aka ce zai shayar da raƙumi ba.

Ran Waziri ya ɓaci ƙwarai. Da idonsa ya ga leburorin Cindo suna ɗora masa sabon soro a cikin gari tun farkon kaka. Amma ya san in ya ce ƙarya ne, Cindo zai binne shi da wasu kalmomin. Sai ya saki fuska ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki irin wannan ya wuce riga. Ina roƙon a ɗaukaka Sarkin Gini, ya ja ayarin nan da kansa, fatake su ga mai rijiyoyi. Kuma kada a rataya masa salka ko ɗaya. Ai cin fuska ne a ce mai rijiya ya yi guzurin ruwa."

Sarki ya ce, "Ka yi magana, Waziri. Haka za a yi."

Gumi ya karyo wa Cindo. Ya ce, "Zaki, akwai dai wasu 'yan ƙalubale da ake kan shawo kansu."

Waziri ya ce, "To ka ga, sai ka shawo kansu a can. Dogari, a ɗaura masa sirdi."

Da Cindo ya ga dogari ya nufi ƙofa da gaske, sai ya zube ƙasa, rawani ya warware. Ya ce, "Na tuba, ranka ya daɗe! Ba a yashe ko ɗaya ba. Rairayi ya cinye su."

Sarki ya miƙe cikin fushi ya ce a ɗaure shi. Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka. Cindo ya yi laifi, amma abin da ka saba saye ya kawo kasuwa. Duk wanda ke zauren nan haka yake yi maka magana, ni ma ban tsira ba, tunda na ji na yi shiru. In ka ɗaure shi, rijiya ba za ta yashe kanta ba."

Maganar ta yi wa sarki zafi. Amma sai ya yi doka: daga ranar, duk wanda ya ce aikinsa ya yi kyau, shi zai fara amfani da shi. Mai gada ya fara takawa, mai rumbu ya fara ci daga ciki. Ya dakatar da ayari, ya tura Cindo da leburorinsa arewa da igiya da guga.

Bayan wani lokaci Cindo ya komo, ya rame ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Sarki ya ce, "Akwai ruwa?"

Ya ce, "Ta Gindin Marke akwai, na sha. Ta Tudun Kura akwai, amma da gishiri-gishiri. Ta Bakin Dutse ta mutu, na yi iya yina, babu."

Ba wanda ya ce madalla. Madugu Ɗanjuma ne kaɗai ya yi hamdala, ya fita ya sa aka ƙara salkuna saboda zangon Bakin Dutse. Ayari ya tafi ya dawo da gishiri, ba a binne kowa a hanya ba.