Sandar Laka

Ku da kuka iya gardama, ku matso, yau na kawo muku abin yi.

Wasu Sarkawa masunta ne suka bi kogi har bakin teku, suka kafa tunga inda tekun ya kutsa cikin ƙasa ya yi lungu. A can kullum sai ruwa ya janye ya bar laka shimfiɗe, mata su shiga tonon ƙaguwa, an jima ya dawo ya rufe. Lakar nan ita ce rumbunsu. Amma ɗan Adam, ina ya san ya isa? Suka yi ta tono, mai ƙwai da marar ƙwai, har ta kai mace ta wuni a laka ta dawo da kwando wayam.

Wata mata mai suna Ige, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ita ta bi gida-gida tana roƙon a bar lakar ta huta. An zage ta, an ce ta zautu, ba ta fasa ba, sai da gari ya yarda. Aka kafa sanda mai jan ƙyalle a laka, aka ce duk wanda ya ƙetare ta a fasa jirginsa, a kore shi. Ige kuwa ba ta da abinci sai ƙaguwar. Cikin yunwar da ta biyo baya autarta ta mutu a bayanta, goye.

Wani mutum mai suna Nomau aka ba tsaron sandar. Mutane suka zuba ido su ga ko dokar ta gaske ce, sai ga wanda ya fara ƙetarewa ƙanensa ne, ciki ɗaya. Da a ce Nomau ya kau da kai, wallahi da kashegari kowa ya shiga. Da hannunsa ya fasa jirgin, ya raka yaron bayan gari. Uwarsu ta ce, “Nomau, ka zaɓi laka, to laka ta zama uwarka.” Har ta koma ga Allah ba ta sake kallonsa ba.

Wani kuma, Kakale, shi ne mai babban jirgi a garin. Da ya ga yunwa za ta sa a tumɓuke sandar, sai ya riƙa fita can tsakiyar teku, inda Basarke ba ya zuwa, yana kawo kifi yana rabawa gida-gida. Kifin bai ƙosar ba, amma ya riƙe rai. A wata fitar, iska ta kife jirgin. Ya dawo kan katako shi kaɗai, 'ya'yansa maza biyu suna ƙasan ruwa.

To, laka ta farfaɗo, ƙaguwa har tana hawa kan juna. Kai, abin da ban tausayi! Ranar buɗewa ba wanda ya yi guɗa. Ka'idar da suka yi ita ce, wanda ya fi bin gari bashin alheri shi zai cire sandar, tsaron laka kuma ya zauna a gidansa. Ruwa ya janye, mata na tsaye da kwanduna, yara na kuka. Ige da Nomau da Kakale suna gaban sanda, kowa kansa a sunkuye, ga ruwa ya fara dawowa.

Sanda ɗaya ce, ba ta ciruwa da hannu uku. Ku faɗa mini, wa zai cire ta?