Yadda Kura Ta Ba Gizo Kwangilar Gada

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama!

Ta zo mu ji ta, mun gyara!

Zaki ya naɗa Kura ta zaɓi wanda zai gina gada a kan kogi. Masu nema biyu suka zo.

Gara ta ce, "Ranki ya daɗe, ladana buhun gero goma. Je ki duba surin da na gina, damina ashirin bai tsage ba."

Kura ta ce, "Goma? Ke 'yar mitsila, zinariya za ki shafa mata?"

Gizo ya ce, "Hajiya, ni buhu ɗaya ya ishe ni."

"Ka taɓa gina gada?"

"Na taɓa wucewa ta kusa da wata."

"Shi ke nan, injiniya, kama aiki!"

Gizo ya jera karan dawa, ya ɗaure da yanarsa, ya shafa farar ƙasa, ya ɓace.

Ranar buɗewa Zaki ya ce, "A al'adarmu, wanda ya zaɓi magini shi ke fara hawa. Bismillah, Kura."

"Ranka ya daɗe, ai babba ne gaba."

"Hau!"

Taku uku ta yi, gada ta karye, sai ga Kura rugum a kan dutse. Har yau ƙugun Kura bai miƙe ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa kogi!